Me Ya Sa Ɓera Ke Bin Jikin Bango?

Tambaya: Ina ɗana tarko a tsakiyar siton riɗina, amma ɓeraye sai su bi jikin bango su wuce. Wayo ne ko me? Daga wani manomi, Gagarawa.

Amsa: Malam, gashin bakinsu ne jagoransu. Idon ɓera ba shi da ƙarfi, don haka da waɗannan dogayen gasu yake laluben hanya cikin duhu. Layi biyar suke a kowane gefen hancinsa. Shi kansa gashin ba ya jin komai. Saiwarsa ce ke cikin wata 'yar jaka mai jini da jijiyoyi sama da 100, kuma kowane sili yana da gurbinsa daban a ƙwaƙwalwa. Ɓeran yakan kaɗa gasun gaba da baya kamar sau 8 a daƙiƙa, ya gane faɗin rami da kaushin buhu. Muddin suna taɓa bango, hankalinsa a kwance yake.

Saboda haka mayar da tarkon gindin bango, bakinsa na kallon bangon, inda ka ga kashinsu. Janye buhunan daga bango, ka ɗora su kan katako. Don Allah kada yara su ɗauki mataccen ɓera da hannu, saboda zazzaɓin Lassa.