Yadda Ake Bin Sawun Gangunan Roka a Sararin Samaniya

Idan roka ta kai tauraron ɗan'adam inda aka aike ta, sashenta na sama, wata ƙatuwar ganga, yakan ci gaba da kewaya duniya ba direba ba birki. A kundin abubuwan da ke kewaya duniya da sojojin Amurka ke riƙe da shi, lamba 1 ba ta Sputnik ba ce, ta gangar da ta kai shi sama ce a 1957. Ana ɗauka zura wa gangunan ido ake yi dare da rana, alhali lissafi ne da kullum ake yi wa kwaskwarima.

Da farko sai an hango gangar. Na kusa, na'urar rada ke kama su, irin wadda ta fara aiki a Kwajalein a 2020. Na nesa kuwa sai da madubin hangen nesa da dare, kamar na Maui, sa'ad da hasken rana ke dukan jikinsu. Kowane gani na 'yan mintoci ne, don haka akan tara da dama a fitar da hanyarta, a rubuta cikin layi biyu na lambobi, kwamfuta ta faɗi inda za ta bi gobe. In ta riga lokaci ko ta makara, a gyara, domin siririyar iskar da ke can tana jan ta, iskar kuma takan kumbura idan rana ta tsananta. Sai tantance ta, wanda ya fi wuya. Abin da aka hango a 2020 aka zaci dutse ne, launin haskensa ya tona cewa ƙarfe ne marar tsatsa, gangar rokar Surveyor 2 ta 1966.

Mai musu zai ce, to me ya hana a faɗi inda gangar Long March 5B za ta faɗo a Mayun 2020, har tarkacenta ya zuba a Kwaddibuwa? Tambayar da ƙarfinta. Sai dai abin da ke wuntsilawa yana cin kusan kilomita 8 a daƙiƙa, kuskuren minti ɗaya ya wuce kilomita 400. Amfanin lissafin a sama yake: a gargaɗi tauraron da ke da injin kaucewa, a kuma gane ranar da ragowar mai ta fasa ganga, kamar Ablestar a 1961, wadda ta tarwatse gida kusan 300, kowane gutsure da lambarsa.