Harshe da Sa Ido kan Larurorin Bayan Rigakafin Korona: Tsokaci kan Ma'aikatan Lafiya a Ƙasar Zuru

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin harshen Hausa a aikin sa ido kan larurorin da kan biyo bayan allurar rigakafin korona, ta la'akari da ma'aikatan lafiya a ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi. An bi hanyar nazarin ma'anar kalmomi da duba al'adar bayyana ciwo. Maƙalar ta nuna cewa kalmar "illa" tana yanke hukunci tun kafin a yi bincike, kuma hakan na iya hana ma'aikaci kai rahoton abin da ya ji a jikinsa. A ƙarshe an kawo shawarwari.

1.0 Gabatarwa

An tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ranar 2 ga Maris, 2021, kashin farko na rigakafin AstraZeneca, kusan miliyan huɗu, ya sauka Abuja ƙarƙashin shirin COVAX. Ranar 5 ga watan aka fara allurar a Asibitin Ƙasa na Abuja, inda wani likita, Dakta Cyprian Ngong, ya zama na farko. Tsarin gwamnati shi ne a fara da ma'aikatan lafiya, domin su suka fi kusa da masu cutar. Wannan ya ɗora musu nauyi biyu: su ne aka fara yi wa allurar, su ne kuma masu cike takardun rahoto.

A tsakiyar Afrilun 2021, shugaban Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, Dakta Faisal Shuaib, ya bayyana cewa an sami rahoton larurori masu sauƙi 8,439 da kuma 52 masu matsakaicin tsanani zuwa masu tsanani. Kebbi na cikin jihohi biyar da suka fi yawan rahoto. Yawan rahoto ba ya nufin rigakafin ya fi cutarwa a can. Sau da yawa alama ce ta cewa ana sauraren mutane ana kuma rubutawa. Tambayar maƙalar ita ce: da waɗanne kalmomi ake faɗin abin da ake rubutawa?

2.0 Ƙasar Zuru da Harsunanta

Masarautar Zuru tana kudancin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba. Mafi rinjayen mazaunanta Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, harshensu kuwa C'lela. Akwai kuma Fakkawa da Dukawa da Kambari da Fulani da Hausawa. Hausa ce harshen kasuwa da na asibiti, Ingilishi kuwa shi ne harshen takarda. Saboda haka koke guda na iya ratsa harsuna uku: a ji shi da C'lela, a faɗe shi da Hausa, a rubuta shi da Ingilishi. A kowane mataki wani abu na iya zubewa.

3.0 Yadda Tsarin Sa Ido Yake

Bayan allura, akan zaunar da mutum na wasu mintuna don a lura da shi. Idan wani abu ya taso daga baya, sai a cike takarda a miƙa wa jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, daga nan ta wuce jiha, sannan Abuja. Hukumar NAFDAC ta ƙaddamar da manhajar waya mai suna Med Safety a Nuwambar 2020 domin kowa ya iya aika rahoto da kansa. Tun 2004 Nijeriya ke cikin shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na sa ido kan magunguna, wanda cibiyar tattara bayanansa ke Uppsala ta ƙasar Suwidin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta karkasa abin da kan biyo bayan rigakafi gida biyar: wanda sinadarin rigakafin ya haifar, wanda lahani a wajen haɗa shi ya haifar, wanda kuskuren ajiya ko na yin allura ya jawo, wanda fargabar allura ta jawo, da wanda ya zo a kan gaɓa kawai ba tare da wata alaƙa ba. Amfanin tsarin ya fito fili a Turai: a Maris 2021 Danmak da Nowe sun dakatar da AstraZeneca, kuma ranar 7 ga Afrilu hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce akwai yiwuwar alaƙa tsakaninsa da wani nau'in daskarewar jini da ba kasafai ake gani ba. Rahotannin ɗaiɗaikun mutane ne suka taru suka nuna hakan.

4.0 Matsalar Kalmomi

4.1 "Illa". Kafofin yaɗa labarai sun fi amfani da "illar rigakafi". A Hausa, illa na nufin lahani ko aibi, galibi mai barin tabo, kamar yadda ake cewa "ya yi masa illa". Kalmar ta ɗora laifi a kan rigakafin kai tsaye, alhali uku daga cikin rukunai biyar ɗin nan ba daga sinadarinsa suke ba. Ma'aikacin da ya kwana da ciwon hannu ba zai kira shi illa ba, don haka ba zai ga dalilin kai rahoto ba. Wanda ya ji ana cewa "illa" a kasuwa kuwa, sai ya tuna gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 da ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003 zuwa 2004.

4.2 "Zazzaɓi". Kalmar na nufin zafin jiki, tana kuma nufin zazzaɓin cizon sauro. A Hausar yamma akan ce "masassara". Wanda ya ce "zazzaɓina ne ya tashi" ya riga ya ba kansa amsa, sai ya nemi maganin sauro ya yi shiru. Lokacin ma ya ƙara rikita lamarin: an fara allurar a bazara, azumin Ramadan ya kama ranar 13 ga Afrilu, zagaye na biyu kuma ya faɗo a farkon damina, lokacin da sauro ke ƙaruwa.

4.3 "Ciwon jiki", "kasala" da "mutuwar jiki". Takardar Ingilishi ta raba ciwon tsoka da ciwon gaɓoɓi da gajiya, amma mai magana da Hausa kan dunƙule su a "ciwon jiki". Haka "jiri" da "hajijiya" da "juwa" kan maye gurbin juna.

5.0 Dauriya da Kunya

Bahaushe na yaba haƙuri, yana kushe raki. A wajen Lelna ma, al'adar golmo, inda saurayi ke shafe shekaru yana noma wa surukai, makarantar juriya ce. Ma'aikacin da ya tashi cikin wannan tarbiyya zai ji nauyin kai ƙarar ciwon kai na kwana ɗaya. Bugu da ƙari, shi ne abin koyin unguwa. Yana tsoron in ya ce ya ji jiki, maƙwabta su guji allurar. Sai dai shirunsa na rage ingancin alƙaluma, kuma idan jama'a suka gane an ɓoye musu wani abu, amana ta zube. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

6.0 Shawarwari

Na farko, a yi amfani da "larurar bayan rigakafi" a takardu da sanarwa, a keɓe "illa" ga abin da bincike ya tabbatar. Na biyu, sassan nazarin Hausa na jami'o'i su haɗa kai da hukumomin lafiya da masana C'lela a samar da jerin kalmomin alamomin ciwo cikin harsuna uku. Na uku, takardar rahoto ta ba da gurbin rubuta kalaman mai koke kamar yadda ya faɗe su. Na huɗu, a riƙa tuntuɓar ma'aikata ta waya bayan allura maimakon jiran su kawo kansu, musamman a Danko/Wasagu da Sakaba inda rashin tsaro ke wahalar da zirga-zirga. Tambayar "me ka ji a jikinka?" ta fi "ta yi maka illa?" buɗe baki.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa alƙaluman da ke isa Abuja da Uppsala daga bakin mutane suke farawa, kuma a ƙasar Zuru da Hausa ake faɗarsu. Muddin kalmar da ake tambaya da ita tana ɗauke da zargi, ma'aikaci zai zaɓi yin shiru. Gyara wannan aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan likitoci, kuma ya kamata a yi shi tun kafin wata annobar ta ƙwanƙwasa ƙofa.