Yadda Ɗalibi Ke Shiga Ƙungiyar Maƙera Roka ta Jami'a

Yana daga cikin al'ajaban wannan zamani cewa aikin harba roka zuwa sararin samaniya, wanda a da ba mai tunkararsa sai manyan dauloli ma'abuta taskokin dukiya da rundunonin masana, yau ga shi ya sauko har hannun samari da 'yan mata 'yan shekara ashirin, waɗanda da hantsi suna zaune a aji suna fama da hisabi, da la'asar kuwa suna tsaye a ɗakin ƙira, hannuwansu duk gam da ƙurar ƙarfe. A garin Delft na ƙasar Holan akwai irin wannan ƙungiya, ana ce mata DARE, wadda ɗaliban jami'ar fasaha ta garin suka kafa a 2001, kuma da ita zan fi kafa hujja, saboda tsarinta ya daɗe har ya zauna da gindinsa. A 2009 sun harba rokarsu mai suna Stratos I daga filin Esrange da ke kusa da Kiruna a arewacin Suwidin, ta haura kilomita 12, sa'an nan a watan Oktoba na 2015 suka harba Stratos II+ daga El Arenosillo a kudancin Sifen, ta kai mita 21,457, wanda a lokacin babu wata rokar ɗalibai a Turai da ta taɓa kai haka.

To, ɗalibin da ya ji wannan labari zuciyarsa ta kwaɗaitu, abu na farko da ya wajaba a kansa shi ne ya san lokaci, domin galibin irin waɗannan ƙungiyoyi ba kullum ƙofarsu ke buɗe ba. A farkon shekarar karatu, wato wajen watan Satumba a Turai da Amurka, sukan kira taron bayani, su ajiye tsofaffin rokokinsu a gaban jama'a, har da waɗanda suka ƙone ko suka karye, su faɗi sassan da ke neman hannu. Mai hankali yakan je wannan taro da kunnuwansa, ya bar bakinsa a gida sai kaɗan, ya lura da wane sashe ne mutane suka yi wa cincirindo, wane ne kuma aka bari ba kowa, gama sau da yawa ƙofar da ba a cunkoso a bakinta ita ce ta fi saurin kai mutum tsakar gida.

Bayan haka sai takardar neman shiga, wadda a wasu wurare hira ke biyo bayanta. A nan ne da yawa daga cikin masu nema suke kuskure, suna cika takarda da labarin yadda tun suna yara suke kallon taurari, alhali kuwa waɗanda za su karanta ta ɗalibai ne 'yan'uwansu, waɗanda suka san cewa sha'awa ba ta ɗaure noti. Abin da suke nema su sani shi ne sa'a nawa mutum zai iya bayarwa a mako ba tare da karatunsa ya rushe ba, da ko ya taɓa gama wani abu da hannunsa, ko da gyaran keke ne ko haɗa 'yar rediyo, da kuma ko yana iya cewa ban sani ba idan bai sani ba. Ba sharaɗi ba ne mutum ya zama ɗalibin handasar jiragen sama. Ana bukatar mai ilmin lantarki, da mai rubuta umarnin kwamfuta, da mai ilmin sinadarai, har ma da wanda zai riƙe lissafin kuɗi ya rubuta wa kamfanoni wasiƙun neman gudummawa, domin ƙungiyar da ba ta da mai roƙo mata alminiyam da bawul da kuɗin mota, komai fasahar injiniyoyinta, rokarta a takarda za ta tsufa.

Idan an karɓi ɗalibi, ba a miƙa masa babbar roka a ranar farko, kuma a nan ne hikimar mutanen Delft ta fi burge ni. Suna da wata al'ada ta horar da sababbin shiga, inda ake raba su ƙananan ƙungiyoyi, a ce kowace ta ƙera 'yar ƙaramar roka wadda za ta ɗauki ɗanyen ƙwai ta kai shi tsawon kilomita ɗaya, ta kuma sauko da shi ƙasa bai fashe ba, a harba su a wani filin atisayen soja da ake kira 't Harde. Wanda ya ji wannan zai zaci wasa ne, amma duk mas'alolin babbar roka suna ƙunshe a cikin wannan ƙaramar. Dole ne ɗalibi ya koyi cewa kowace roka tana da wurare biyu da ake lura da su, wato cibiyar nauyinta da cibiyar da iska ke tura ta, kuma lalle ne ta nauyin ta kasance gaba, wajen hanci, ta iskar tana baya, da tazarar da ta kai faɗin jikin rokar sau ɗaya zuwa biyu, in kuwa aka saɓa wannan ƙa'ida, da ta bar sandar harbi sai ta wuntsila ta nufi inda ba a aike ta ba. Don haka zai zauna ya auna girman fukafukan gindi da wata manhaja irin OpenRocket, ya yanka su, ya goge da sanfefa, ya manna su daidai ba karkata. Zai koyi naɗe laimar sauka yadda igiyoyinta ba za su harɗe ba, ya haɗa 'yar na'urar da ke auna matsin iska don ta gane lokacin da rokar ta kai ƙololuwa ta fara juyowa, ta saki laimar a daidai wannan daƙiƙa, domin in ta buɗe da wuri gudun iska zai yayyaga ta, in ta makara kuwa ƙwai da roka duk sun zama labari. Ƙwan nan shi ne alƙalin da ba ya karɓar uzuri. Ɗalibi na iya kare lissafinsa da fasahar baki a gaban abokansa, amma idan aka buɗe cikin rokar aka ga gwaiduwa ta malale, magana ta ƙare.

A Amurka kuwa akwai wata hanyar hawa daraja, ta hannun ƙungiyoyin masu harba roka guda biyu, Tripoli da NAR, waɗanda ke ba da shaida mataki uku. Ana jera injunan roka da haruffa, kowane harafi ƙarfinsa ya ninka na wanda ya gabace shi sau biyu, mai matakin farko ya halatta ya yi aiki da H da I, na biyu da J zuwa L, na uku daga M zuwa O, kuma ba a ba mutum shaida sai ya ƙera ya harba ya kuma dawo da rokarsa lafiya a gaban shaidu.

Daga nan sai ɗalibi ya zaɓi sashen da zai zauna. Akwai masu jikin roka, da masu lantarki da sadarwa, da masu laima, da masu hasashen tafiya a kwamfuta, da kuma masu inji, sashen da kowa ke rububi saboda a can wuta da ƙara suke. Injin Stratos II+ irin wanda ake kira mai gauraye ne, wato makamashinsa daskararre ne, an haɗa shi da kakin kyandir da garin alminiyam da wani sinadarin zaƙi da ake sa wa a abin sha maimakon sukari, abin da ke ciyar da wutar kuma ruwan iskar nan ce da likitocin haƙori ke shaƙa wa marar lafiya. Jin sunayen waɗannan kaya na iya sa mutum ya raina su, sai dai tankin da aka ɗura wa iska mai matsi ba ya bambanta ɗalibi da farfesa, shi ya sa a DARE akwai majalisar kula da aminci ta musamman, wadda ba a kunna komai sai da izninta. Sabon shiga a wannan sashe zai daɗe yana wanke bututu, yana ƙirga kusoshi, yana riƙe takardar jerin ayyuka yana karanta wa na gaba da shi layi bayan layi, kafin a yarda ya taɓa bawul. Al'amarin ya yi kama da karatun zaure, inda almajiri ke fara da hidima da sauraro, ya sauke ƙaramin littafi kafin babba, ba ya kuma zama ya karantar sai malaminsa ya ba shi ijaza, kuma wanda ya ga wannan jinkiri wulaƙanci ne, to, gara ya nemi wata sana'a tun da sauran rana.

Da zarar an damƙa wa ɗalibi wani yanki nasa na kansa, ko da murfin tanki ne ko akwatin batir, sai ya shiga abin da a ganina shi ne zuciyar aikin duka, wato zaman bitar zane. Sau biyu aƙalla ake yinsa, na farko lokacin da ra'ayi ke ɗanye, na biyu kafin a fara yanka ƙarfe, kuma a kowanne mai zanen zai tsaya gaban tsofaffin 'yan ƙungiya, wani lokaci har da malamai da injiniyoyin kamfanoni, su yi ta jifansa da tambayoyi: me ya sa kaurin nan ya zama milimita uku, ina hujjarka, me zai faru in sanyi ya kama wannan roba, wa ya duba lissafinka bayan kai? Ladabin wannan majalisa shi ne a soki zane a bar mai zane, shi kuma ya karɓi gyara ba tare da ya ɗauke shi gaba ba. Ɗalibin da aka saba yabonsa tun daga firamare yakan sha wuya a zamansa na farko, amma wanda ya jure yakan fito da wata ɗabi'a da ba a koyar da ita a aji, ta rarrabe abin da ya tabbatar da abin da yake zato.

Bayan zane sai gwaji, kuma ƙa'ida ita ce duk abin da za a iya gwadawa a ƙasa ba a bari sai a sama. Ana ɗura wa tanki ruwa a matsa shi fiye da abin da zai ɗauka ranar harbi, ana ɗaure inji a jikin ƙarfe a kunna shi daga nesa a auna turinsa, ana gwada laima a ramin iska. Duk da haka asara ba ta ƙarewa. A watan Yuli na 2018 Stratos III, wadda aka yi shekaru ana aikinta, ta tarwatse a sama kimanin daƙiƙa 20 bayan tashinta. A wannan shekarar dai ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka harba rokarsu Traveler III a hamadar Black Rock, amma saboda saɓanin sadarwa tsakanin masu aiki ta tashi ba a kunna na'urorin cikinta ba, ba ta aiko da labari ba, laimarta ba ta buɗe ba, ta dawo ta ragargaje. Ba lissafi ne ya ci amanarsu ba, magana ce tsakanin mutum da mutum. Suka koma suka gyara tsarin umarninsu, a watan Afrilu na 2019 suka harba Traveler IV daga Spaceport America a jihar New Mexico, lissafinsu ya nuna ta kai kimanin kilomita 103, wato ta ƙetare iyakar Karman ta kilomita 100 wadda aka saba ɗauka mafarin sararin samaniya.

Akwai wani shinge da ya kamata baƙon ɗalibi ya sani tun da wuri, shi ne cewa a Amurka dokokin hana fitar da fasahar makamai sukan taƙaita abin da wanda ba ɗan ƙasa ba zai taɓa a wasu ayyukan roka, don haka ya kyautu ya tambaya kafin ya ɗora buri. Ƙofar ƙananan taurarin ɗan'adam ta fi faɗi. Tun 1999 Jordi Puig-Suari da Bob Twiggs suka tsara ma'aunin CubeSat, ɗan akwati mai santimita 10 ta kowace fuska, domin ɗalibai su iya gina tauraro a cikin shekarun karatunsu, kuma ta wannan hanya ce, ƙarƙashin shirin BIRDS na Cibiyar Fasaha ta Kyushu a Japan, aka gina Nigeria EduSat-1 tare da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, da GhanaSat-1 na Jami'ar All Nations da ke Koforidua, aka harba su a watan Yuni na 2017, aka sake su daga tashar sararin samaniya ta duniya a watan Yuli.

Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana wannan hidima, shi ake fara duba wa idan za a naɗa shugaban sashe, kuma a Delft har akan sami waɗanda ke dakatar da karatunsu shekara guda cur don su tsaya wa babban aiki dare da rana. Shi ne zai tafi filin harbi, ko gasar EuRoC da ake yi a Fotugal tun 2020, inda ake nufin kilomita 3 ko 9, ya kwana a tanti yana jiran iska ta lafa, ya ga an ɗage harbi saboda gajimare bayan an gama shiri tsaf. In an harba, sai a bi siginar rediyo a nemo rokar a daji, a ciro na'urar ajiyar bayanai, a kwatanta abin da ya auku da abin da aka yi hasashe. Sa'an nan, da yake ƙungiyar ɗalibai kowace shekara manyanta ke kammala karatu su watse, wajibi ne na ƙarshe a kansa ya zauna ya rubuta duk abin da ya sani game da yankinsa, da dalilin kowane zaɓi, da hanyoyin da aka gwada suka ƙi, da sunan kamfanin da ke sayar da kowace roba da girmanta, ya kuma zauna da magajinsa su bi rubutun shafi shafi kafin ya miƙa makullin ɗakin ƙira.