Takunkumin da Muka Yar, Ina Yake Ƙarewa?

Takunkumin nan mai ruwan bula da muka saba da shi tun zamanin korona ba takarda ba ne, ba kuma auduga ba. Roba ce. Ni duba-gari ne a Kano, kuma duk lokacin da na faɗi haka a taron unguwa sai na ga mamaki a fuskoki, domin a hannu yana da laushi, mutum ya ɗauka ƙyalle ne. Da zaren roba ake yin sa, irin robar da ake saƙa buhun shinkafa da ita, falle uku, na tsakiya shi ne matatar. Igiyar kunnen ma roba ce. Safar hannun asibiti kuwa, wata daga danƙon itace ake yin ta, wata kuma roba ce tsantsa. Abin da aka yi da roba ba ya ruɓewa a juji. Rana da ruwan sama suna dagargaza shi ne kawai, ya koma ɓurɓushi.

Masu bincike sun ƙiyasta a 2020 cewa duniya na amfani da takunkumi biliyan 129 da safar hannu biliyan 65 a kowane wata. A Fabrairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kayan kariyar da aka saya ta hannun shirin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya kaɗai, daga Maris 2020 zuwa Nuwamba 2021, sun kai tan 87,000, kuma mafi yawansu shara za su zama. Rahoton ya ƙara da cewa uku cikin kowane asibitoci goma na duniya ba su da halin sarrafa sharar da suke tarawa tun kafin annobar, a ƙasashe mafi talauci kuwa shida ne cikin goma. Mu da ke zagayen ƙananan asibitoci da shagunan kemis ba mu buƙaci rahoto ba kafin mu san haka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuta. A bayan ƙananan asibitoci da yawa akwai rami ko tsohon duro, inda mai shara ke zuba komai da yamma, ya yayyafa kananzir ya ƙyasta ashana. Shi a ganinsa tsafta yake yi, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da aka ba shi ke nan. Amma sharar asibiti na buƙatar murhu na musamman da zafinsa ya kai digiri 850 zuwa sama. Wutar rami ba ta kai nan, cin ta take a hankali tana turnuƙe hayaƙi. Idan a cikin tarin akwai safar hannu ko ledar ƙarin ruwa da aka yi da roba mai sinadarin kulorin, hayaƙin na fita da gubar da ake kira dayoksin. Wannan guba ba ta tsaya ga tari da yajin ido ba. Tana sauka a ƙasa da ciyawa, kaji su tsattsaga, awaki su yi kiwo, ta taru a kitsen jikinsu, ta biyo ƙwai da nono da nama zuwa kwanon abincinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake shiga, kuma yana taɓa garkuwar jiki da haihuwa da girman jariri a ciki, yana iya jawo ciwon daji. Mai asma da ke maƙwabtaka da ramin shi tun a daren yake karɓar nasa rabon.

Takunkumin da ya tsira daga wuta, kwata yake faɗawa. Lokacin yashe magudanai kafin damina, takunkumi muke tsamowa a cuɗe da ledar fiyawata da robar lemo, igiyoyinsa sun sarƙe komai sun zama toshiya. Ruwa ya tsaya, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, in an yi ruwa mai ƙarfi ƙazanta ta malala cikin gidaje da rijiyoyi. Wanda ya ga amai da gudawar 2021, wadda ta kama mutum sama da dubu ɗari a Najeriya kuma ta fi tsanani a jihohin arewa, ya san abin da gurɓataccen ruwa ke yi. Ba takunkumi ne ya kawo ta ba, amma duk abin da ke toshe kwata yana taya ta aiki. Mahauta kuma za su gaya maka irin ƙullin ledar da suke cirowa daga tumbin saniya da akuya. Ɓurɓushin robar da ya rage yana bin ruwa da ƙura, har a 2022 masana a Holan suka gano shi a jinin mutane, wasu a Ingila suka same shi a huhun masu rai.

Sai mutanen da ba a cika tunawa da su ba. Mai sharar asibiti da ke tura shara da hannu babu safa. 'Yan bola jari da ke tonon juji da silifa. Yaran da nake gani suna hura safar hannu kamar balan-balan, ba su san jinin wa ko majinar wa ta taɓa ba. Idan aka haɗa takunkumi da allura da auduga mai jini da ɓawon lemo a kwando ɗaya, dukkan kwandon ya zama mai haɗari, kuma su ne za su sa hannu a ciki.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Ma'aikacin jinya da ke gaban mai mashaƙo ko zazzaɓin Lassa dole ne ya sa kayan kariya, ya kuma yar da su bayan amfani. Ɓarkewar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta nuna ba mu rabu da kayan kariya ba. Abin da nake ƙi shi ne amfani da su inda ba su da aiki. Mai sayar da abinci da ya wuni da safa ɗaya yana karɓar kuɗi yana yanka nama, sabulu da ruwa sun fi masa. Ɗan adaidaita sahu da ke kare ƙurar hunturu, takunkumin yadi da zai wanke kullum ya ishe shi.

A gida, in an gama da takunkumi a tsinke igiyoyinsa, a ƙulle shi a leda, a jefa cikin sharar da mota ke kwashewa, a wanke hannu. Kada a ƙona shi a tsakar gida ko a hura gawayi da shi. A asibiti kuwa, ko mai gado biyu ne, a raba shara tun daga inda ta fito: mai ɗauke da cuta a jakar ruwan ɗorawa, allurai a akwatinsu na kwali, sauran a baƙar jaka. In an yi haka, abin da ke buƙatar murhu na musamman ba zai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, kuma ƙananan asibitocin unguwa guda za su iya haɗa kuɗin motar da za ta kai shi babban asibitin da ke da murhun. Ga masu sa hannu a takardar sayen kaya, roƙona shi ne duk katan ɗin safar hannu da za a saya, a rubuta kuɗin jakunkuna da takalmin roba na mai shara a takarda ɗaya da shi.