Don Me Macen Sauro Ta Ke Shan Jini?

Mu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun mun san sauro sarai. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ruwa ya kan kwanta a gonakin shinkafa har da rani, a irin wannan ruwa kuwa sauro ya ke yin ƙwai. Amma ba dukanmu mu ka san ba kowane sauro ke cizo ba.

Namijin sauro ba ya shan jini ko kaɗan. Ruwan zaƙi na furanni ya ishe shi. Macen ma ta kan sha zaƙin nan domin ta sami ƙarfin tashi, amma zaƙi ba ya yin ƙwai. Ƙwai ya na bukatar abinci mai gina jiki, wanda masana su ke kira furotin, jini kuwa cike ya ke da shi. Sa'anda ta sha ta ƙoshi, sai ta nemi inuwa ta huta kwana 2 ko 3 har ƙwan ya nuna. Sa'an nan ta zuba 50 zuwa 200 a bisa ruwa. Da ta zuba, sai yunwar jini ta komo.

Ba sauro kaɗai ba ne. A 2010 masana su ka gwada ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro. Su ka tarar macen da ta sadu da namiji ta fi budurwarsu neman yisti, gama yisti ya na da furotin. Ashe haihuwa ce ta ke sāke marmarin abinci.

A wurin komowar nan ne haɗari ya ke. Macen ta kan sha jinin mai zazzaɓi, ƙwayar cutar ta yi kwana 10 ko fi ta na girma a cikinta, sa'an nan ta kai wa mai lafiya. Likita Ronald Ross ne ya ga ƙwayar a cikin sauro, a Indiya, a 1897.

Saboda haka bari mu kwana cikin gidan sauro kowane dare, tun ba yara da mata masu ciki ba. Mu cike ramukan da ruwa ke kwanciya kusa da gida.

Tambayoyi:
1. Don me namiji ba ya cizo?
2. Ina ruwa ya ke kwanciya a unguwarku?