Takardar tuni mai ceton rai

Ƴan'uwa masu yaƙi da jahilci, ga darasin yau.

Idan ciwo ya yi tsanani, hankali yana tashi. Wanda hankalinshi ya tashi kuwa yana mantuwa, ko da lokotoro ne. Shi ya sa ma'aikatan likita suke aiki da takardar tuni. An jera abubuwan dubawa a kanta. Ma'aikaci ya duba na fari, ya sa alama, sannan ya wuce na biyu.

Da an kawo mai ciwo mai tsanani, a likitar Dogon Dutsi ko ta Tibiri, abu uku ya kamata a fara dubawa: hanyar iska a buɗe take? Yana lumfashi daidai? Jini yana zagayawa, ko yana zuba? Ba a fara neman sunan cuta sai an tsare rai.

A shekarar 2008 ƙungiyar kiwon lafiya ta duniya, wato OMS, ta fito da irin wannan takarda don ɗakin fiɗa. An gwada ta a manyan likitoci 8 na duniya, ɗaya a ƙasar Tanzaniya. Sakamako ya fito a 2009: kafin takarda, cikin mutum 1000 da anka yi wa aiki, 15 suna mutuwa; bayanta sunka koma 8. Ba sabon magani anka kawo ba, mantuwa anka rage.

Mu ma a ƙauye muna da tamu. OMS da UNICEF sun jera alamun haɗari ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5:

1. Ba ya iya shan nono ko ruwa.
2. Yana amai da duk abin da ya ci ko ya sha.
3. Yana jijjiga ko taune-taune.
4. Ya yi laushi, ko ya suma, ba ya tasuwa.

A duba lumfashi kuma. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 cikin minti guda, ya yi sauri. Ɗan shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40.

Alama guda ta isa. Kada a jira safiya, kada a jira ranar kasuwa. A kai yaro likita mafi kusa, da mota ko da amalanke, tare da karnenshi. In ya suma, a kwantar da shi a gefe guda. Kada a ɗura mishi ruwa ko jiƙo, yana iya shaƙewa. A ƙara lura da damana, lokacin masassarar sauro.

Aikin yau: kowa ya kwafe alamun nan huɗu da hannunshi, ya manna a ɗaki, ya karanta wa iyali.

Tambayoyi:
Mine ne ake fara dubawa ga mai ciwo mai tsanani?
Wa ke da abin hawa a garinku in ciwo ya tashi da dare?