Tare Sanyin Bango da Tufafin Ajiya

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan buso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta ɗebo ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta sauke mana. A watan Janairu sanyin asuba a Kano yakan kai wajen digiri 13 a ma'aunin Santigiret, wani dare ma ya sauka ƙasa da 10. A Jos kuwa, da yake bisa tudu take, ya fi haka tsanani. A wannan lokaci mura da tari da ciwon haƙarƙari sukan addabi jarirai da tsofaffi, domin jikinsu ba ya riƙe ɗumi kamar na majiya ƙarfi.

Dalilin sanyin bango

Ginin ƙasa mai kauri yakan sha zafin rana ya riƙe, sa'an nan ya riƙa sakinsa cikin ɗaki da dare. Ginin bulo mai rufin kwano ba haka yake ba. Bangonsa siriri ne, rana na faɗuwa sai ya huce. Wanda ya kwanta dab da shi, bangon zai yi ta zuƙe ɗumin jikinsa har gari ya waye.

To, a sani tufa ba ta da zafi na kanta. Iskar da ke maƙale tsakanin zarenta ita ce ke hana ɗumi ficewa, gama iskar da ba ta motsi ba ta saurin kai zafi daga wuri zuwa wuri. Saboda haka zane biyu da aka jera sun fi zane guda amfani. Ashe tsohon gwado da luru da bargo da zannuwan da ke jibge cikin adaka suna da aikin yi, kuma ba sai an kashe ko kwabo ba.

Yadda za a yi

1. A fito da kayan, a kakkaɓe, a shanya su a rana yini guda. Danshi yana kore iskar da ke cikin zare, tufa mai laima kuwa sai ta ƙara sanyi.

2. A fara toshe tsagar bango da ƙasa ko siminti. Ƙarƙashin ƙofa kuma a naɗe tsumma a tare shi da dare.

3. A duba bangon da ke fuskantar arewa ko gabas, da wanda gado ke jingine da shi. Su za a fara rufewa.

4. A kafa ƙusoshi can sama, a ɗaura igiya mai ƙarfi ko gora, a rataya kayan kamar labule. Mai kauri ya kasance ta wajen bango, marar nauyi ta wajen ɗaki.

5. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin tufa da bango. Iskar da ke zaune a wannan tsakani ita ma kariya ce. Kada kuma gefen tufar ya taɓa ƙasa, don gara da kunama.

6. Ƙananan riguna da ba su ratayuwa, a cusa su cikin buhu ko rigar matashi, a jera tsakanin gado da bango. Adaka da kabad ma a matsar da su can.

7. Kowane mako a sauke kayan, a kakkaɓe su a waje, a duba bayansu ko kuɗin cizo ya ɓuya. Ƙurar hunturu da ta taru cikin tufa tana tayar wa mai asma ciwonsa.

Gargaɗi

Hunturu lokacin gobara ne, domin kome ya bushe. Kada a ajiye fitila ko kyandir ko kaskon wuta ko maganin sauro na kunnawa kusa da abin da aka rataya. Kada a rufe wayar lantarki ko soket da tufa. Yadin roba kuwa, in ya kama wuta narkewa yake yi ya manne wa fata, gara a bar shi cikin adaka.

Abu mafi haɗari shi ne kwana da garwashi a rufaffen ɗaki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Mai barci ba ya jin shigarta, ta sha hallaka mutanen ɗaki gaba ɗaya. A fitar da kasko kafin a kwanta, kuma kome sanyi a bar 'yar kafar da iska za ta shiga. In wani ya tashi da ciwon kai da jiri, a fitar da kowa waje nan da nan, a nufi asibiti. Jariri kuma kada a kwantar da shi inda tufa za ta faɗo ta rufe masa fuska.

Da zafi ya fara shigowa a watan Maris, sai a sauke kayan, a wanke, a shanya, a mayar ma'aji, kada damina ta tarar da su a bango su yi fumfuna. Wanda ya karanta wannan takarda ya daure ya karanta wa maƙwabtansa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne cikin tufa ke hana ɗumi ficewa?
2. Don me ake barin tazara tsakanin tufa da bango?
3. Mene ne haɗarin kwana da garwashi a ɗaki?